Kada tsohon jirgin Damagaram ya ƙare a tukunyar maƙera

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili in kawo wa masu karatu wata magana da ta hana zuri'armu sakat tun rasuwar yayana bara, Allah ya jiƙansa. Maganar ta gado ce, kuma na san ba a saba fitar da zancen gado daga zaure ba, amma abin da za a raba a wannan karon ya shafi mutanen da ba su da dangantaka da mu. Tsohon jirgin sama ne wanda ba shi da inji, yana tsaye cikin wani fili mai katanga a bayan garin Damagaram yau kusan shekara 40, kuma magada sun rabu uku a kansa: wasu na cewa a sayar da shi yadda yake, wasu na cewa a kwance shi a sayar da kayansa ɗaiɗai, wasu kuma na cewa a gyara shi.

Jirgin ƙirar Faransa ne, irin wanda ake kira Broussard, wato ɗan daji, wanda kamfanin Max Holste ya ƙera a birnin Reims. Na farkonsa ya tashi a 1952, kuma duk waɗanda aka ƙera ba su cika 400 ba. Yana ɗaukar mutum 6 har da matuƙi, fukafukansa suna bisa gangar jiki, faɗinsu daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya kusa mita 14, wutsiyarsa kuwa mai kunne biyu ce, kuma da ita ake shaida shi tun daga nesa. An yi shi ne don ya sauka a fage marar kwalta, ya ɗauki marar lafiya ko wasiƙu ko ma'aikaci, ya tashi a ɗan gajeren fili. Irinsa na cikin jiragen da rundunar sojan sama ta Nijar ta fara aiki da su bayan ƴancin kai a 1960, a zamanin da tafiya daga nan zuwa Ingigimi ko Bilma ta ƙasa take cin kwanaki. Dattawan da suka girma kusa da filin jirgin garin nan ba su manta rugugin injinsa ba.

Yayana ya saye shi a gwanjon tsofaffin kaya, kuma tun a ranar ba shi da inji, ba shi da farfela. Shi ɗan kasuwa ne, amma mutum ne mai son ƙarfe, kuma ni da na yi rayuwata a garaji ina gyaran kamiyo, ni na kwance masa fukafukan muka ɗora bisa mota, muka sake ɗaura su a filinsa. Burinsa shi ne wata rana ya samo inji. Shekaru suka yi ta tafiya, ƴaƴa suka girma, kasuwa ta yi sama ta yi ƙasa, inji bai zo ba, amma bai taɓa yarda a cire ko ƙusa ɗaya ba, kuma duk ƙarshen damina yakan sa a share ciyawar da ke ƙarƙashinsa saboda gudun gobara. Bai bar wasiyya a kansa ba. Ya bar mata 2 da ƴaƴa, cikinsu har da ƙanana waɗanda ba su balaga ba. Ni ba ni da ko dala a cikin gadon, tun da ɗa namiji yana kange ɗan'uwa, sai dai ni ne babba a gidan yanzu, kuma ni aka ce in faɗi ra'ayina.

Zan fara da masu cewa a gyara shi ya tashi, domin da su zuciyata take, ko da yake hankalina ba ya tare da su. Babban ɗan marigayin ne jagoransu. Ya zo mini da waya a hannu, ya nuna mini hotunan irin jirgin yana shawagi a bukukuwan jiragen sama a Faransa, ya ce, "Baba, inji kawai ya rage, in aka samo shi an gama." Na ce masa, "Ɗana, da inji kawai ya rage, da mahaifinka ya tashe shi tun kana goye."

Injin da Broussard ke ɗauka shi ne Pratt & Whitney R-985 na Amurka, mai silinda 9 da aka jera a zagaye kamar tauraro, mai ƙarfin doki 450. An ƙera kusan 39,000, an kuma daina ƙera shi a 1953, amma da yake jirage irin su Beaver na Kanada suna aiki da shi har yau, akwai masu sabunta shi, don haka samunsa ba ya gagara ga mai kuɗi. Kuɗin ne dubun-dubatar dalar Amurka kafin a yi maganar farfela, da jigila, da duwan. In an samo injin ma, aikin bai ko soma ba, saboda jirgin sama ba kamar kamiyo yake ba da za a ɗaura masa inji a buga a ji ko ya tashi. Dole a buɗe fukafukai a duba azarar da ke ɗauke da su daga ciki, a bi ƙusoshin ribiti layi-layi, a canza kowace igiyar ƙarfe da ke jan sitiyari, da kowane tiyo na mai da na birki, da wayoyin lantarki gaba ɗaya, kuma wanda zai yi aikin sai mai takardar izini a kan jiragen sama. Ni da na shekara fiye da 30 ina kwance injin gazuwal ba ni da hurumin sa hannu a kan ko noti ɗaya. Bayan haka sai hukumar ANAC, mai kula da zirga-zirgar jiragen farar hula a ƙasar nan, ta yi masa rajista ta ba shi shaidar cewa ya cancanci tashi.

A nan ne babban cikas yake. Kowane jirgi yana da karne, wato littafin da ake rubuta sa'o'in da ya yi a sama da duk gyaran da aka yi masa tun daga ranar da ya fito daga masana'anta. Namu ya zo ba tare da karnensa ba, mun kuma binciki akwatunan marigayin ɗaya bayan ɗaya ba mu samu ba. Jirgin da ba a san tarihinsa ba, sai an ɗauki kowane sashe nasa a matsayin abin tuhuma har a tabbatar da lafiyarsa, wannan kuwa yana ninka aiki da kuɗi. Ko an haye duk wannan, akwai maganar mai. Injin ba ya shan kananzir ɗin da manyan jirage ke sha, mansa wani fetur ne na musamman da ake kira afgas, wanda matatar SORAZ da ke kusa da mu ba ta yin sa, sai an shigo da shi cikin duro. Sannan wa zai tuƙa shi, wa zai biya inshora, wa zai biya duban shekara-shekara? Gidan da ke da marayu ba zai ɗauki wannan kaya ba, kuma na faɗa wa yaron haka a gaban iyayensa mata.

Masu cewa a kwance shi su suka fi yawa, su ne kuma suka fi ba ni tsoro, domin lissafinsu yana da kama da gaskiya. Sun ga yadda ƴan kayan gyara ke yi da tsohuwar Peugeot 504: a saye ta a dunƙule da araha, a sayar da giya daban, ƙofa daban, fitila daban, a ci riba ninki. Wani dillali ya shigo filin da wani baƙo, suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka yi wa tayoyi da birki kuɗi, suka yi wa ƙarfen da ke riƙe inji kuɗi, da sandunan da ke tokare fukafukai, da agogunan gaban matuƙi. Da yaran suka tara lissafin a takarda, sai suka ga ya zarce abin da aka taya jirgin a dunƙule.

Ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo. Kayan 504 suna tafiya ne saboda akwai dubban ƴan'uwanta a kan hanya daga nan har Kano, kowace kuma tana neman abin da za a ɗaura mata. Broussard da ke tashi a duniya yau ƴan kaɗan ne, yawancinsu a Turai da Amurka, kuma mai irin wannan jirgi ba zai ɗaura wa jirginsa kayan da ba su da takardar asali ba sai ya biya an bincika su, don haka zai taya su da arahar da ta rufe wannan ɗawainiya. Kuɗin da yaran suka gani a intanet na kayan da ke da takarda ne, suna kuma ajiye kusa da mai saye. Namu sai an naɗe, an kai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, an yi takardun fitarwa, an jira kuɗi daga mutumin da ba a taɓa gani ba. Kuma kowa ya san yadda rumfar mahauci take: cinya da ƙirji ke fara tafiya, zuwa la'asar sai ƙashi. Abubuwa biyar ko shida masu daraja za su fita cikin wata guda, sauran su yi shekaru suna jiran mai saye, jirgin kuwa da an cire masa tayoyi ya kwanta a ƙasa, da an cire sandunan fukafukai sun sauko, ba mai sake kiransa jirgi. Daga nan sai ƴan gwangwan su zo da sikeli.

Su ma sun riga sun zo. Nauyin jirgin duka da injinsa kusan tan 1 da rabi ne, injin kaɗai ya kusa kilo 300, don haka abin da ke tsaye a filin bai wuce tan 1 da ƴan kai ba, kuma ba dukansa ne sanholo ba. Abin da suka taya ba zai sayi shanun huɗa biyu ba. Wani maƙerin tukwane da muka daɗe tare ya ƙwanƙwasa jikin jirgin ya ce mini shi ba ya ma ɗokinsa, saboda fallen siriri ne, ga fenti, ga ƙusoshi, rabi zai tafi a toka. Ban da haka, sanholon jirgin sama gauraye yake da jan ƙarfe don ya yi ƙwari, ba don girki aka haɗa shi ba.

Akwai abubuwa biyu a wannan ciniki da nake so duk mai irin wannan ajiya ya sani. Na farko, baƙon da dillalin ya kawo ya fi nacewa a kan wani ɗan allon ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda aka buga wa sunan masana'anta da lambar jirgin, har ya ce zai saye shi shi kaɗai. Yaran sun yi mamakin a ba da kuɗi a kan abin da bai kai murfin gwangwani nauyi ba. Wannan allo shi ne shaidar haihuwar jirgin, da shi hukuma ke gane shi, kuma ranar da ya fita daga jikinsa abin da ya rage tarin ƙarfe ne marar suna, wanda ba mai iya yi masa rajista. Na ce ko me za a yanke, allon ba zai rabu da gangar jikin ba. Na biyu, agogunan jiragen wancan zamani da yawa an shafa wa allurarsu da lambobinsu fenti mai haske da dare, wanda ke ɗauke da sinadarin radiyom, ɗan gidan yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit. Hasken yakan mutu bayan shekaru, amma sinadarin ba ya mutuwa, sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin gilashin bai fashe ba haɗarin kaɗan ne, amma in aka farfasa su a kasuwar gwangwan, garin fentin zai shiga hannu da hancin yaran da ke tsintar ƙarfe. Tun da na fahimci haka na sa kwaɗo a ƙofar jirgin.

Sayarwa a dunƙule ba ni da faɗa da ita. Hanya ce mai tsabta: a yi kuɗi sau ɗaya, a raba, matan su karɓi tumuninsu, kowane yaro ya san rabonsa. Mai saye zai rage kuɗin kwance fukafukai da na kai shi tashar jiragen ruwa, fiye da kilomita 1,000 ko ta wace hanya aka bi, don haka ba za a samu abin da ake zato ba, amma jirgin zai tafi da ransa, wataƙila ma wata rana ya sake tashi a hannun masu halin tashinsa. Da a narka shi gara ya tafi.

Duk da haka ina ganin akwai abin da ya fi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Gyara iri biyu ne, mu kuwa mun tsaya a kan guda. Akwai gyaran tashi, wanda ya fi ƙarfinmu, akwai kuma gyaran tsayuwa, wato a mayar da jirgin kamanninsa, a tsayar da shi inda jama'a za su gan shi su taɓa shi, wannan kuwa bai fi ƙarfin Damagaram ba. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta yi mana rabin aikin. Abin da ke cin sanholo danshi ne da gishiri, shi ya sa Amurka ke ajiye dubban tsofaffin jiragenta a hamadar Arizona. Na shiga cikin namu da tocila, na leƙa ta ƙofofin duba da ke ƙarƙashin fukafukai, farin garin tsatsa kaɗan na gani, yawanci inda tsuntsaye suka yi sheƙa da inda awaki suka riƙa fakewa. Abin da rana ta cinye shi ne roba, da tagogi, da fenti, da ƙyallen da aka lulluɓe sassan da ke motsi a bayan fiffike da wutsiya. Duk waɗannan akwai masu hannun yin su a garin nan. Garin da dukawansa suka yi suna a aikin fata ba zai rasa mai ɗinka kujeru 6 ba, masu walda za su kafa rumfar kwano su yi masa matokarai don nauyi ya sauka daga tayoyi, masu fentin mota su yi nasu. A gurbin inji ana iya neman wanda ya gama sa'o'insa, wanda ba ya da sauran amfani a sama, a wanke shi a ɗaura, har a yanke silinda ɗaya don ɗalibi ya ga yadda fistan ke hawa da sauka. Sharaɗi ɗaya zan kafa: kada a yanke komai a jikin jirgin, kada a huda sabon rami, duk abin da aka cire a rubuta a ajiye, saboda in Allah ya kawo mai hali nan gaba ya tarar da ƙofar gyaran tashi a buɗe.

Wani zai ce mene ne amfanin jirgin da ba ya tashi. A 1973 mota ta kaɓe itaciyar Tenere, wadda take tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada. Ba a faskara ta an yi girki ba, an ɗauko busasshen kututturen har Yamai, an yi masa rumfa a gidan tarihi na Boubou Hama, kuma ba wanda ya yi tsammanin za ta sake tofo. Yara na zuwa ganinta har yau. Damagaram ita ce babban birnin ƙasar nan daga 1911 zuwa 1926, tana da filin jirgi, tana da jami'ar André Salifou, tana da makarantun koyon sana'a, amma yaron da ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam ba ya ganin jirgi sai ɗigo a sama ko ta bayan shingen waya. Ƙasarmu ce ke da makarantar EAMAC a Yamai tun 1963, inda ƴan ƙasashen Afirka da dama ke zuwa koyon aikin jiragen sama da nazarin yanayi, amma nawa ne cikin ƴaƴanmu na nan gabas suka san da ita, balle su yi sha'awar shiga? Gani ya kori ji. Na ga abin da ke faruwa a fuskar yaro idan ya zauna a mazaunin matuƙi, ya tura sanda gefe, ya waiga ya ga bayan fiffike ya ɗaga. Bayanin da malamin lekol zai yi mako yana yi a allo, yaron ya gane shi a wannan waigen.

Sai dai ba zan yi kyauta da abin da ba nawa ba. Cikin magadan akwai marayu, kuma gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 10, a kan masu cin dukiyar marayu bai ware wanda ya ci don kyakkyawar niyya ba. Ɗaya daga cikin matan marigayin ta ce mini, "Alhaji, ni ban ƙi a ajiye shi ba, amma kuɗin lekol ɗin yaran nan ba ya jira." Gaskiyarta ce, kuma duk shawarar da ta tsallake maganarta zalunci ce. Saboda haka abin da na kawo wa zuri'a shi ne a samo masana biyu waɗanda ba su da alaƙa da dillalai, su yi wa jirgin ƙima a dunƙule a gaban alƙali, sannan a nemi waɗanda za su biya wannan ƙima a raba wa magada, jirgin kuma ya zama waƙafi ga makarantun garin. Babban ɗan da wata ƙanwarsa sun ce sun bar rabonsu, su baligai ne, suna da ikon haka. Ni na ɗauki aikin hannu da kayan aikina kyauta har a gama. Abin da ya rage shi ne rabon matan da na ƙananan yara, da kuma wurin da za a kafa rumfar.

Don haka nake kira ta wannan jarida ga hukumar birnin Damagaram, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da jami'a, da gidan tarihin jiha, da ƴan kasuwarmu na gida da na waje, da tsofaffin ma'aikatan filin jirgi da sojojin sama da suka yi ritaya, musamman duk wanda ya taɓa aiki a kan Broussard ko yake da littafin gyaransa a cikin kayansa. Zuri'a ta ba ni daga yanzu zuwa faɗuwar ruwan farko. In lokacin ya cika ba a samu masu tsayawa ba, zan sa hannu a sayar da shi a dunƙule, da allonsa a jikinsa, ga wanda ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai kwance shi ba. Na bar adireshina a ofishinka, Malam Edita, ga duk mai son magana da ni, kuma ina buɗe filin kowace Juma'a bayan sallar la'asar ga wanda yake so ya zo ya duba jirgin da idonsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon bakanike,
Unguwar Birni, Damagaram.